Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ƙwaya biyu a dare ɗaya

Makon jiya na tsaya a inda na fita takaba, na baro Tibiri da ƙullin kayana, na zo Maradi wani gida a unguwar Zariya inda aka ɗauke ni kula da tsohuwa. Jika talatin a wata, ci da kwana a gidan.

Hajiya ta haura tamanin. Hawan jini ne ya kayar da ita, ɓarin dama ya shanye, magana ma sai ka kasa kunne sosai. Na shiga aikin ina ganin na iya, tunda ni na yi jinyar uwata har Allah ya karɓi abinsa, na kuma yi ta mijina. Ashe jinyar naka daban, aiki a gidan mutane daban. A can ni kaɗai ce. A nan akwai Alhaji, da matansa biyu, da jikoki masu shige da fice, kowa yana son ya samu ladar tsohuwa, kowa da hannunsa a kanta.

Akwai wani majon asibiti da ya yi ritaya, yana zuwa kan babur duk bayan kwana uku. Shi ya fara gyara mini hannu. Ya ce a juya ta duk awa biyu, dare da rana, don gudun gyambon kwanciya. Ya nuna mini wuraren da zan riƙa dubawa: kwankwaso, ƙashin gindin baya, diddige. Ya ce a fata irin tamu ba lalle a ga ja ba, wurin duhu yake ƙarawa, ya yi ɗumi ko tauri, don haka in sa hannu in taɓa. Ya hana ni jan ta da shanyayyen hannun. Ya ce in zan ɗaga ta in lanƙwasa gwiwa, kada in sunkuya da baya, in kuwa abin ya fi ƙarfina in kira taimako, ba abin kunya ba ne. Abinci kuma sai an zaunar da ita tsaf, kunu mai kauri, cokali ɗaya ya wuce kafin wani, ta kuma zauna rabin awa kafin ta kishingiɗa, saboda mai irin wannan ciwo ruwa tsararo ma yana sarƙe shi.

Duk wannan na riƙe. Abin da ya kusa kayar da ni daban ne.

Wata Laraba cikin bazara, bayan magariba, na fita bayan ɗaki in ɗauraye zannuwan da ta ɓata. Na dawo, na wanke hannu da sabulu, na ɓalle ƙwayar hawan jini na ba ta kamar kullum. Ta ɗan kau da kai, tana son ta ce wani abu, ni kuma na ɗauka ƙin magani ne irin nata, na lallashe ta ta haɗiye. Sai bayan isha'i da na zo adana katin maganin na ƙirga. Ya kamata saura shida. Biyar na gani.

Na leƙa ɗakin amarya na tambaye ta. Ta ce, “Ai na ba ta tun ɗazu, na ga kina wanki na ce bari in rage miki aiki.”

Wallahi jikina ya mutu. Na koma na zauna bakin katifa ina kallon Hajiya. Zuciyata ta ce ki yi shiru, wa ya ƙirga in ba ke ba? Na tuna ɗiyana uku da na bari wurin ƙanwata, da jika talatin ɗin nan ake auna musu hatsi. Sai na tuna yadda ta kau da kai. Tsohuwar nan ta gaya mini iyakar ƙarfinta, ni ce ban tsaya na saurara ba. Na ja mayafi, na je ƙofar Alhaji na yi sallama, abin da ƴar aiki ba ta yi da dare.

Na durƙusa na ce, “Alhaji, a yi haƙuri. Inna ta sha magani sau biyu, na biyun ni na ba ta.”

Bai ce mini komi ba, waya ya ɗauka. Majo ya iso, ya ɗaura mata abin awo. Ita da ta saba zama 14 da 9, sai ga 10 da 6. Ya ce kada a tayar da ita ko zaune sai da tallafi, kada kuma a sake ba ta ƙwaya sai ya ce. Ya zauna a zaure har tsakar dare yana shigowa yana sake awo. Da ya tambayi ƙarfe nawa aka ba da ta farko, ƙarfe nawa ta biyu, ni da amarya muka kalli juna. Babu wadda ta duba agogo.

Washegari ya zo da kaye irin na ƴan lakwal da biro. Ya ce, “Ɗiyata, daga yau mutum ɗaya ke ba da magani, ke ce. In za ki fita ko nan da ƙofar gida, ki faɗa wa wadda kika bar wa abin da aka yi da abin da ya saura. Kuma komi ki rubuta.” A aji shida na bar lakwal, amma lambobi da Hausar boko ba su gagare ni ba. Magani da lokacinsa, kofin ruwa nawa ta sha (tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda muke ji, ga zafin Afrilu ya haura 40), sau nawa ta yi fitsari, yaushe ta yi bayan gida, wane gefe na juya ta. Layin farko da na rubuta, da hannuna, shi ne na ƙwaya biyu.

Matan unguwa masu zuwa dubiya sun ji ƙishin-ƙishin, suna ta bugun cikina a tsakar gida. Amsata ɗaya ce: da sauƙi, mun gode Allah. Abin da na gani a ɗakin Hajiya, na jikinta ne ko na ɗiyanta, a ɗakin nake barinsa.

Tun daga ranar kuma, in ta motsa baki sai in ajiye abin da ke hannuna in matso ta gefen hagu. A haka na gane abin da ke tayar mata da hankali da yamma. Cewa take ruwa na zuwa, a kwance awaki. Ambaliyar Gulbi ce ta 1945, wadda ta ci tsohon gari har aka dawo da Maradi nan kan tudu, tana yarinya lokacin. Ba na yi mata gardama. Nakan riƙe hannunta in ce, “Inna, muna kan tudu, ruwa ba ya kawowa nan,” sai ta sauke numfashi.

Sati uku bayan haka babbar ɗiyarta ta sauka daga Yamai. Ko mayafi ba ta cire ba ta ga kaye a kan taga, ta buɗe shafin farko, ta ɗago kai ta ce, “Wace ce ta rubuta wannan?”

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.