Kumfar kashe gobara ba abin wasa ba ce fa

Duk lokacin da bidiyon nan ya sake yawo, wanda farar kumfa ta ɓalle daga rumfar jiragen sama ta cika titi a Santa Clara ta Kaliforniya a 2016, sai ka ga mutane suna ta dariya a ƙasa, har da wani mai keke da ya kutsa ciki ya ɓace ɗungurungum. Ni kam abin ba ya ba ni dariya wallahi.

Ba gobara aka yi ba fa, na'ura ce ta samu matsala ta saki kumfar da kanta, kuma hakan na faruwa, ko waya ta lalace, ko ruwa ya shiga maɓalli, ko wani ya danna bisa kuskure. Irin wadda ake sawa a manyan rumfuna an yi ta ne ta kumbura ninki ɗaruruwa ta cika ɗaki cikin mintuna kaɗan, toh idan ta rufe ka ba ka ganin ko tafin hannunka, ka yi ihu ba mai ji sosai, ƙasa ga santsi ga ƙarafa ko'ina, ga ta tana shiga hanci da baki, mutum sai ya rikice ya rasa ina ƙofa take alhali tana kusa da shi. A 2014 a sansanin sojin sama na Eglin da ke Fulorida haka wani ɗan kwangila ya rasa ransa.

Masu cewa ai sabulu ce kawai, eh, in ta taɓa fata ko ido yawanci ƙaiƙayi ne da zafi, ka wanke da ruwa mai yawa ka cire kayan. Amma akwai wata iri, AFFF, da sojin ruwan Amurka da kamfanin 3M suka samar a shekarun 1960 don gobarar mai, ita ce mai sinadaran PFAS da ba sa ruɓewa, suna taruwa a jini shekara da shekaru. A 2023 sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya sa ɗaya daga cikinsu, PFOA, a jerin masu jawo kansa. A Agustan 2024 a Brunswick ta jihar Maine galan 1,450 na tsagwaron AFFF ya zube ya gauraya da ruwa galan kusan 50,000, ya bi magudana ya shiga tafkuna, sai da aka gargaɗi mutane kan cin kifin wurin.

Shi ya sa haushi ke kama ni in na ga an ɗauko tiyo ana kora ta cikin kwata wai ana share wuri. Tare ta ake yi a zuƙe a tanki. Kai kuma in ƙararrawa ta yi ƙara ka fita tun kumfar ba ta kai gwiwa ba, a ƙirga mutane a waje, kar kowa ya koma ɗauko waya ko ɗaukar hoto, a bar wa 'yan kwana-kwana masu tukunyar iska su shiga.