Kwana uku muna zargin diski, ashe makulli ne

Har an fara maganar a sayo sabon diski wallahi. Saba uku, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da manhajarmu, muka haɗa a kan ma'ajiya ɗaya da GFS2, tsarin fayil da ke barin saba da yawa su yi aiki da diski ɗaya a lokaci guda, lokacin gwaji komai lafiya lau, amma da aka saki aiki na gaske sai ga shi ko ls -l, umarnin jero fayiloli, ka buga a babbar folda sai ka zauna zaman jira kamar na'urar ta mutu.

Abin da na manta, kuma laifina ne ba na kowa ba, irin wannan tsarin, GFS2 ne ko takwaransa OCFS2, dukansu tun 2006 suke cikin Linux, ba ya barin saba ta taɓa fayil sai ta karɓi makulli, wato izinin taɓa shi, ta hannun DLM, manhajar da ke raba makullai tsakanin sabobin. To idan ta farko na riƙe da makullin folda ta biyu ta zo nema, dole ta farkon ta juye duk abin da ta tara a memori zuwa diski kafin ta saki, ita ma ta biyun ba ta gama ba ta uku ta miƙo hannu. Mu kuma manhajarmu ƙananan fayiloli take ta zubawa cikin folda guda daga sabobin uku gaba ɗaya, makulli sai yawo yake ta netwok, diskin da muke zagi yana zaune ba aikin fari balle na baƙi.

Gyaran ma abin kunya. Kowace saba muka ware mata foldarta ta rubutu, muka sa noatime, saitin da ke hana rubuta lokacin da aka karanta fayil, don ba tare da shi ba karanta fayil kawai yana jawo rubutu, shi ke nan nauyi ya sauka.

Sai wani abokin aikina ya kawo shawara wai a kashe STONITH, tsarin da ke kashe duk sabar da ta daina amsawa, tunda yana yawan kashe mana saba da tsakar dare. Nan kam na ce a'a. Idan saba ta daina amsawa a Corosync, manhajar da sabobin ke jin juna ta cikinta, ba wanda ya san ko mutuwa ta yi ko tana can tana rubutu ita kaɗai, shi ya sa DLM ke tsayar da kowa cak sai an tabbatar an yanke ta. Ka cire wannan, ko dai folda ta daskare ko biyu su rubuta a wuri ɗaya bayanai su dagule. Da muka bi diddigi ma, bakof, wato kwafar bayanai don ajiya, shi ne ke cika layin netwok da Corosync ke bi har saba ta zama kamar ta daina amsawa, yanzu mun ja wa Corosync nasa layin daban.