Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na kori Q daga shagon Oga

A makon jiya na tsaya ne inda Oga ya ɗauke ni aikin buga takardu a shagonsa da ke unguwar Runjin Sambo a Sakkwato. Kwamfuta biyu, firinta ɗaya, sai janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Yawancin masu kawo mana aiki ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne, kuma idan furojet na Turanci ne yatsuna gudu suke yi.

Wahala ta zo ne da furojet ɗin wata ɗaliba mai nazarin Hausa, a kan waƙoƙin fada. Na buga mata shi tsaf, ba ƙugiya ko ɗaya. Kwana uku sai ga ta da takardun, jan biro ya yi musu kaca-kaca. Inda ta rubuta baƙin sarki na mayar da su bakin sarki, ƙafa ta koma kafa, faɗa da fada kuwa sun zama abu guda. Ta ce, "Malam, ka ja mini kunya gaban malamina." Ban iya ɗaga kai ba.

Daga nan duk ƙ ɗaya sai na saki kibod, na kama maus, na buɗe akwatin alamomi, na lalubo ta. Shafin minti goma ya koma na rabin awa, ga zafin Afrilu. Wani dattijo mai tafireta da ke rubuta wa mutane wasiƙa kusa da mu ya leƙo, ya yi dariya. Ya ce, "Ɗana, mu da biro muka yin ƙugiyarmu bayan mun gama." Na ce, "Baba, ai malaman yanzu ba su karɓa."

Wani dare ina kallon kibod ɗin sai na lura da abin da kullum yake gabana. Maɓallan Q, V da X ƙura ce kawai a kansu in ina buga Hausa, domin rubutun boko ba ruwansa da su. Jerin haruffan nan na kibod da ake kira QWERTY Christopher Sholes ne ya tsara shi a Amurka don keken rubutu, kamfanin Remington ya fara sayar da shi a 1874. Turanci aka yi wa ɗinkin, mu aro muka yi, shi ya sa rigar ke matse mu a hammata.

Na je shagon intanet na sauko da wata manhajar Microsoft ta kyauta da ake sauya wa maɓallai aiki. Na zaunar da ƙ a gidan Q, ɓ a gidan V, ɗ a gidan X. Shi 'y bai ba ni wahala ba, tunda mu a Najeriya alama muke sa masa a gaba, mutanen Nijar ne ke masa ƙugiya. Cikin mako guda hannuna ya saba.

Sai dai ranar Juma'a na tafi masallaci ban mayar da kibod ɗin Turanci ba. Oga ya zauna buga wa wani ɗan kwangila takardar neman kuɗi, shi kuma ba ya duban allo in yana bugu. Na dawo na tarar da shi riƙe da takarda, a samanta an rubuta INƁOICE da manyan baƙi.

"Kai wanga yaro, mi kay yi ma kwamfutag ga?"

Kuɗin takarda da na tawada a albashina aka cire. Amma abin da ya hana ni barci daban ne: ƙaramin yatsana na hagu ya fara zogi, domin harafin a, wanda Hausa ba ta taku biyu ba tare da shi ba, a ƙarƙashinsa yake. Na duba wani tsarin kibod da August Dvorak ya yi wa rajista a 1936, na ga shi ma nan ya bar shi. Na ɗauko kwalin sukari da fensir na fara zana nawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.