Sana'ar dafa kiristal

Mu huɗu ne a kamfanin, da tanda uku da sikeli ɗaya da muke lallaɓawa kamar ƙwai. Hajarmu ba ta fi farcen ɗan yatsa girma ba: kiristal na bismut, antimoni, teluriyam da seleniyam, wanda ɗakunan bincike na jami'o'i ke saya.

In aka tambaye ni mene ne wannan kiristal, wanda masana ke kira "topological insulator" da Turanci, nakan ce abu ne da cikinsa ke hana lantarki wucewa, fatarsa kuma ta bar shi ya gudu. Masana kimiyya Liang Fu da Charles Kane ne suka yi hasashen haka a 2007 kan gaurayen bismut da antimoni, a 2008 rukunin Zahid Hasan na jami'ar Princeton ya tabbatar da shi a gwaji.

A takarda ke nan. A tanda kuwa, cikin ba ya yarda ya yi shiru, wato ya daina ɗaukar lantarki, kuma nan ne abincinmu yake.

Ɗauki bismut da seleniyam. Seleniyam ba ya zama wuri ɗaya in ya ji wuta, sai ya tsere ya bar gurbi, gurbin ya zuba ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, a cikin kiristal, cikin ya kama ɗaukar lantarki har ya danne abin da fatar ke yi. Antimoni da teluriyam kuma akasin haka suke, ilektiron ne ke yi musu ƙaranci. To sai mu haɗa mai yawa da mai ƙaranci, muna rage wannan muna ƙara wancan, har su kashe juna. Rukunin Yoichi Ando a Osaka ne ya nuna alfanun haɗa huɗun gaba ɗaya. Sai dai adadin da ya yi a tandar wani ba lallai ya yi a tawa ba.

Muna auna sinadaran, mu zuba a kwalbar kwaz, wani gilashi mai jure zafi, mu zuƙe iskar, mu liƙe bakin da wuta. Daga nan sai tanda, digiri 850, sannan a sauke zafin a hankali, kwana da kwanaki. Bara na yi gaggawa saboda wani mai saye ya matsa. Kwalbar ta tsage cikin dare, iska ta shiga, da safe na tarar da dunƙule mai duhu. Mako biyu da kuɗin kaya suka tafi, laifin kuma nawa ne.

Ranar fasa kwalba ita ce ranar da na fi so. Kiristal mai kyau hawa-hawa yake kamar shafukan littafi, atam jeri biyar a kowane shafi, kaurin shafin kusan nanomita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ka manna selotef ka ɗaga, sai sabuwar fuska ta fito tana walƙiya kamar madubi. Amma ido na yaudara, don haka ba ma sa komai a ambulan sai mun sanyaya shi mun auna. In juriyarsa ga lantarki ta hau yayin da sanyi ke ƙaruwa, cikin ya yi shiru. In ta sauka, sai mu koma sikeli.