Juma'ar da na taka titin jirgi a Tempelhof

Yau dai ƙafafuna sun gaya mini gaskiya, yanzu haka suna cikin roba da ruwan ɗumi nake wannan rubutun. Bayan an sauko Juma'a a masallacin Turkawa na titin Columbiadamm, wanda suke ce ma Şehitlik, mutumina ya ce mu ɗan leƙa filin da ke bayan masallacin mu sha iska. Ni na ɗauka ɗan lambu ne, minti ashirin mu fito. Na kuwa sa sabon takalmi sau ciki. Ashe tsohon filin jirgin sama ne sukutum, Tempelhof, sama da hekta 300 a cikin garin Berlin, ka tsaya a wannan gefen mutanen wancan gefen sai ka ce tururuwa.

Abun da ya fara ɗaure min kai shi ne titin jirgin yana nan yadda yake, guda biyu, kowanne kusan kilomita 2, da farin fentinsa da manyan lambobi a ƙasa, amma yanzu masu keke ne a kai da yara masu takalmin taya, can gefe wasu na gasa nama hayaƙi na tashi. Na tsaya a tsakiyar layin na ce masa, Malam, wai nan jirgi ke sauka? Ya ce har 30 ga Oktoba 2008 ma ana sauka, a 2010 aka buɗe wa jama'a ƙofa.

Akwai allunan tarihi da aka kakkafa, shi yana gaba yana min tsiya wai na cika karance-karance ni kuma duk allon da na gani sai na tsaya. Tun asali filin faretin sojojin Prussia ne, tsohuwar masarautar Jamusawa. A 1909 Orville Wright, ɗaya cikin 'yan'uwan nan biyu da suka ƙirƙiro jirgin sama, ya zo ya tashi da jirginsa a nan mutane suka yi cincirindo suna kallo, a 1923 ya zama filin jirgi sosai. Wannan ƙaton ginin da ya lanƙwashe kamar baka kuwa gwamnatin Hitler ce ta fara shi a 1936, tsawonsa kusan kilomita 1.2, kuma ba su ma ƙarasa shi ba yaƙi ya ci su. Wurin da jikina ya yi sanyi shi ne da na gane a kan titin nan da muka yi sallah aka yi sansanin azabtar da fursunoni, Columbia-Haus, daga 1934 zuwa 1936, sannan lokacin yaƙi an kwaso mutane daga ƙasashen da aka mamaye ana sa su aikin dole suna harhaɗa jiragen yaƙi a cikin ginin. Na wuce ta titin nan ya fi sau goma ban taɓa sani ba.

Sojojin Tarayyar Sobiyat suka kama filin a Afrilu 1945, a Yuli suka miƙa wa Amurkawa, su kuma suka mai da shi sansanin sojan sama har 1993. Hasumiyar radarsu na nan tsaye da farin ƙwallo a kanta.

Labarin da ya fi tsaya min a rai dai na 1948 ne. Ranar 24 ga Yuni Sobiyat ta toshe duk hanyoyin mota da jirgin ƙasa da na ruwa zuwa yammacin Berlin, ɓangaren da ke hannun Amurka da Ingila da Faransa, mutum sama da miliyan 2 a ciki, sai Amurka da Ingila suka ce toh ta sama za a ciyar da su. Ni da na ji haka tunanina ya tafi kan fulawa da madara, ashe mafi yawan kayan gawayin kwal ne, kusan kashi 2 cikin 3, sbd sanyi da wutar lantarki. Ka duba fa, kwal a jirgin sama! Gaba ɗaya kusan tan miliyan 2.3 aka yi jigila, a tsakiyar Afrilu 1949 cikin awa 24 kacal an yi sawu 1,398. Jirgi in ya kuskure sauka ba a ba shi damar sake gwadawa, sai dai ya juya da kayansa ya koma inda ya fito don na bayansa na tafe. Na ɗaga kai na kalli gidajen unguwar Neukölln da ke dab da ƙarshen titin, ta saman rufinsu ake saukowa, kai matuƙan nan sun ga ta kansu. A cikinsu ne wani Gail Halvorsen ya riƙa ɗaure alewa da cakulan a jikin hankici yana sako wa yaran da ke taruwa a bakin wayar shingen filin. An janye toshewar 12 ga Mayu 1949 amma jigilar ba ta tsaya ba sai ƙarshen Satumba.

Mun ɗan yi musu da mutumina a hanya. Shi a ganinsa ɓarna ce a bar fili haka ga tsadar haya ta ishi kowa a garin, a gina gidaje kawai. Na ce ai an tambayi masu garin a ƙuri'ar raba gardama ta Mayu 2014 suka ce a bar musu shi haka. Ya ce masu gida ne suka yi zaɓen. Ban ba shi amsa ba don nima ɗakin da nake ciki Allah kaɗai ya san yadda na same shi, amma wallahi da iskar nan ta buge ni a tsakiyar fili sai na ji ba na son a sa ko bulo ɗaya. A 2015 ma a rumfunan jiragen aka sauke 'yan gudun hijira.

Muka fita ta titin Tempelhofer Damm ina ɗingishi, muka haura zuwa dandalin Platz der Luftbrücke inda aka kafa ginin tunawa da jigilar a 1951, siminti ne mai yatsu uku, kowanne na nufin hanya ɗaya cikin hanyoyin sama uku da jiragen suka bi, a gindinsa an rubuta sunayen waɗanda suka mutu a aikin. 'Yan Berlin da shegen baki wai manjagarar yunwa suke kiransa. A nan na cire takalmin na ga dunduniyata ta yi bororo har ya fashe. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na U6 na dawo da takalmi ɗaya a take ta baya, wata tsohuwa sai kallon ƙafata take yi har na sauka.