Masarata ta yi jan ganye

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau tun da na idar da sallar asuba na hau babur zuwa gonar hanyar Funtuwa, don kwana biyar rabona da ita. Masarar ta cika mako uku da fitowa, ina sa ran in tarar da ita ta yi baƙi sidik. Abin da na gani sai da gabana ya faɗi. A ɓangaren jangargarin nan na gabas duk ta tsumbure, karan siriri, ganyen ƙasa kuma ya yi ja mai duhu daga gefe, kamar an shafa masa shuni. Amma ta kusa da gindin ɗorawa, inda shanun Fulani suka kwana da rani, lafiyarta ƙalau, har ta fi sauran tsayi da kusan taƙi guda.

Kawu na can yana noman firi a tasa gonar. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya biyo ni ya duba. Ya tuge guda ɗaya ya kaɗe ƙasar, ya nuna min saiwar, 'yar guntuwa ba ta shiga ko'ina ba. Ya ce, "Ɗana, me ka ba ta ranar shuka?" Na ce, "Kawu, ban ba ta komai ba, yuriya na saya nake jira ta tasa." Ya girgiza kai ya koma bakin aikinsa.

Laifina ne, na sani. Kuɗin da ke hannuna bana buhu biyu kawai za su saya, sai na zaɓi yuriya saboda ita ce ake ganin aikinta da ido cikin 'yan kwanaki.

Da hantsi na ɗauki hoton ganyen na tura wa malamin gona na yankinmu, sai ga kiransa. Ya fara tambaya ko ruwa yana kwanciya a wurin, don shi ma yana hana saiwa aiki har ganye ya yi ja. Na ce tudu ne. Ya ce to yunwar fosfaras ce, sinadarin da ke gina saiwa da ƙwaya, kuma babu ko ɗigonsa a cikin yuriya. Ya ce in riƙa karanta lambobi ukun da ke jikin buhun kamfa, wato takin zamani mai haɗin sinadarai uku, ta tsakiya ita ce tasa. Buhu mai kilo 50 na 15:15:15 yana ɗauke da kilo 7.5, na 20:10:10 kuwa kilo 5 ne kacal. Shekara nawa ina sayen taki ban taɓa yin wannan lissafin ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne halin sinadarin. Yuriya tana narkewa ta bi ruwa ta sami saiwa. Shi wannan inda ka ajiye shi nan yake zama, da ƙyar yake matsawa. Jar ƙasa irin tawa kuma, ƙarfen da ke cikinta yana kama shi ya riƙe, shuka na kusa ba ta samu. Shi ya sa watsa shi a saman kunya asarar kuɗi ne. A binne shi ake so, ranar shuka ko cikin kwanakin farko, nesa da irin kamar faɗin yatsu uku, zurfi ma haka. Ya ba ni labarin yadda masu bincike na ICRISAT, wata cibiyar binciken noma ta duniya, a Sadore, kusa da Yamai, suka koya wa manoman gero zuba kamfa cikin marfin kwalbar lemo, kimanin giram 6, a kowane rami. Kaɗan ne, amma yana daidai bakin saiwa. Da na san haka, rabin buhu ya isa ya rufa min asiri a ɓangaren gabas.

Wani abin da ke damuna: akwai dutsen fosfat, wanda daga cikinsa ake samun fosfaras, a ƙasar Sakkwato da ta Tawa a Nijar, amma wanda ake haɗa mana kamfa da shi mafi yawa daga Maroko ake kawowa. Ina fatan in ga ranar da za a sarrafa namu.

Bayan azahar na shiga kasuwa. Mai shagon ya yarda ya karɓi buhun yuriya ɗaya, na yi ciko na ɗauko 15:15:15. Ni da ƙanena da yarana biyu muka bi kunya-kunya, ɗaya na huda rami da tsinken itace, ɗaya na zubawa, ɗaya na rufewa da ƙafa. Ƙasar da sauran danshi, alhamdu lillahi. Malam bai ɓoye min ba, ya ce za ta farfaɗo amma goyon ba zai kai na wadda ta samu tun farko ba. Magariba ta same mu mun ci kashi biyu cikin uku, bayana kamar zai tsage.

Saura filin gyaɗa da ban shuka ba. Kawu ya leƙo ɗazu bayan cin tuwo, ya ce a zamanin dalar gyaɗa takin supa, wani taki mai fosfaras, suke sa mata, kuma ba su san fanko ba. Malam ma ya ce supa na ɗauke da sinadarin da ke cika kwanso. Na lissafa abin da ya rage, zai sayi rabin buhu idan na sayar da zakaru biyu. Gobe in Allah ya kai mu zan ƙarasa masarar da safe, in wuce kasuwa. Hadari ya haɗo ta gabas, Allah ya saukar da shi cikin daren nan.