Yadda na samu kwamfutocin gidanmu suka daina tambayar fasuwad

A gidanmu nan Tudun Wada kwamfuta uku ne, akwai tsohuwar destof a falo wadda duk hotunan biki da suna da takardun makarantar yara suna cikinta, sai laftof ɗina, sai na ƙanena da ke karatu a Kadpoly. Da filash muke yawo da shi ɗaki ɗaki har ranar da ya kwaso mana bairos, shi ne na ce bari dai in haɗa su ta rautar gida kowa ya dinga jawo abin da yake so.

Na yi ta neman HomeGroup ɗin nan da na sani a da, wato tsarin Windows na haɗa kwamfutocin gida su dinga raba fayil, ashe tun 2018 aka cire shi daga Windows 10. Sai kawai na buɗe sharin na foldar, na mayar da netwok daga Public zuwa Private don in yana Public ko ganin juna ba sa yi. Nan kam ba wahala.

Inda na sha fama shi ne akwatin da ke fitowa yana neman suna da fasuwad. PIN ɗina na dinga zuba masa yana ƙi, wallahi na kusa awa guda ina zagin rauta baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba, ashe PIN a kan ita kwamfutar kaɗai yake aiki, ta netwok asalin fasuwad na akawun ake so. Kuma akawun da ba shi da fasuwad sam Windows ba ya barin a shiga da shi ta netwok. Sai na buɗe wani akawun daban a destof ɗin na sharin kawai, na sa masa suna sharin, don fasuwad ɗin akawun ɗina shi ne na imel ɗina, kuma gaskiya ba zan miƙa wa yaro shi ba.

Sabon akawun ɗin ya shiga, na danna Remember my credentials, na kwanta da murna. Kwana biyu sai ga ƙanena, wai "Yaya foldar nan taka fa ta ɓace". Laifina ne, da lambar IP na haɗa, wato lambar da rauta ke ba kowace kwamfuta, ita kuma rauta duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita tana iya sake raba lambobin, wanda yake 103 jiya yau ya koma 101, kuma kun san yadda wuta take a garin nan. In na sa sabuwar lambar sai ya sake neman fasuwad, don wanda ya ajiye a ƙarƙashin tsohuwar lamba yake.

Maganin yana Control Panel na laftof ɗin, a shiga Credential Manager, sai Windows Credentials. Na tarar da tsofaffi jere na goge su duka, na danna Add a Windows credential, a wajen adireshi na sa sunan kwamfutar wato FALO ba lamba ba, a wajen suna na rubuta FALO\sharin. Wannan sa sunan kwamfutar a gaba kar a raina shi, in babu shi laftof na iya ɗauka akawun ɗinta ake nufi. Da Windows ya yi min gardamar wai ba a shiga waje ɗaya da suna biyu, na buga net use * /delete a cmd, wato baƙin allon rubuta umarni na Windows, ya saki tsohon haɗin. Daga nan na ba foldar harafin Z da Map network drive, na danna Reconnect at sign-in.

Abu ɗaya dai, tunda an ajiye fasuwad duk wanda ya buɗe laftof ɗin a gida ya shiga foldar kenan, shi ya sa izinin karantawa kawai na ba akawun ɗin, kar yara su goge min hotunan aure. Yanzu ƙorafin ƙanena ya koma in ba wuta destof a kashe take, wai in tayar masa da janareta ya ɗauki fayil ɗaya. Na ce ya kawo kuɗin mai.